Kabarin da Gajere Ya Haƙa wa Mai Rai

Gajere mahaƙin rijiya ne a Garin Dado, tafiyar rabin yini daga Ollelewa. Rijiya goma sha ɗaya ya haƙa a rayuwarsa, huɗu ne suka ba da ruwa. Wanda bai san ƙasar Damargu ba zai ce wannan ai ba gwani ba ne. To, ya zo ya gwada. Ƙasa ce da mutum zai sauka gaba talatin, gaba arba'in, har sama ta koma masa kamar bakin tulu, ya damƙi ƙasar ya ji ta a bushe yadda ya same ta ranar farko. Gajere ba ya fushi da rijiyar da ta ƙi. Fitowa yake yi, ya kakkaɓe wandonsa, ya ce, “Babu,” ya tafi gida cin tuwo.

A shekarar 1926, wadda mutanen garin ba su san ta da wannan suna ba, su shekarar siminti suke ce mata, kumandan Faransa mai mulkin yankin ya aiko da wani magini ya ɗaure musu cikin rijiya don ta daina rubzawa. Mutumin Dahomai ne, daga can bakin teku, siriri, mai furfura a gefen kunne. Ya ce sunansa Zan. Da ya ga an yi shiru ana kallonsa, sai ya ƙara da cewa sunan Annabi Yahaya ne a bakin Faransa. Kowa ya sauke ajiyar zuciya, aka ce masa Yahaya, aka huta.

Abin da ya ɗaure wa garin kai shi ne addininsa. Baƙi ne wuluk, ya fi Gajere ma, amma ya ce shi mai bin Almasihu ne, addinin Nasara. Su kuwa a saninsu Nasaranci launin fata ne. Ɗanmalam, limamin garin, ya duba shi sama da ƙasa ya ce ikon Allah ya wuce haka, aka bar maganar. Aka sauke shi a zauren Gajere, tunda tare za su yi aiki. Hajjo, matar Gajere, ta ce ita ba ta san abin da irinsu suke ci ba. Bayan kwana uku ta gano tuwo da miyar kuka suke ci, kuma suna neman ƙari.

Rani biyu suka yi tare a cikin rami. Ran Lahadi Yahaya ba ya taɓa aiki. Yakan zauna gindin aduwa da wani ɗan littafi da ya sha hannu, ya yi waƙa shi kaɗai a hankali, awaki na kallonsa. Sauran kwana shida kuwa ba a taɓa ganin mai tsanani irinsa ba. Yana da zare mai dalma a baki, kome sai ya auna. In zobe ɗaya na siminti ya karkace da faɗin yatsa, sai an fasa. Gajere ya tsani zaren nan ƙwarai, amma mai zaren ya shiga ransa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Wata rana suna hutawa a ƙasa, gaba ashirin da bakwai, suna jiran a janye kwandon ƙasa, Gajere ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa.

“Yahaya, kai da ka yi karatu. Mutum shi haƙa sha ɗaya, bakwai babu kome. Shi tsufa, shi mutu, a haƙa mishi ta sha biyu, ita ma babu ruwa. To mi aka zo yi?”

Yahaya ya goge cokalin gininsa. Hausarsa ta bariki ce, a guntu-guntu take fita, amma tana isa inda aka aike ta.

“Huɗu akwai ruwa,” ya ce.

“Bakwai fa?”

“Bakwai ka sani yanzu babu. Wani ba ya wahala can kuma.”

Gajere ya ce wannan amsar magina ce. Ya ce shi ta sha biyun yake tambaya.

“Wannan ba na tsoro,” in ji Yahaya. “Kai, kana shiga rami in babu mutum a sama da igiya?”

“Ni mahaukaci ne?”

“To. Ni mai riƙe igiyata ya shiga ramin da kansa. An sa shi a kabari, kwana uku ya fito. Ya san hanya. Matata tana can, ƴata tana can, zazzaɓi ɗaya ya kwashe su. Ran da ya kira, mu duka mu tashi.”

Gajere ya ce tashin kiyama ai kowa ya san da shi, ba sai an zo daga bakin teku an gaya musu ba. Yahaya ya ce madalla, ashe ba gardama. Gajere ya ce akwai gardama, Annabi Isa bai mutu ba balle a sa shi kabari. Yahaya ya ce ya mutu. Gajere ya ce bai mutu ba. Kwandon ya dawo, suka ci gaba da aiki. Sun yi wannan musun ya fi sau hamsin a rani biyu, ba wanda ya matsa ko da faɗin yatsa, ba kuma wanda ya ƙi cin tuwo da ɗan'uwansa a kai.

Rijiyar ta ba da ruwa a gaba talatin da huɗu, mai daɗi, mai yawa. A watan da aka gama ta ne tari ya kama Yahaya, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina neman ƙarin tuwo. Hajjo ce ta fara cewa abin ba na wasa ba ne.

Ana cikin haka wani tsoho ya rasu a garin da hantsi. Yahaya na zaune a ƙofar zaure ya ga an wuce da makara, kafin azahar ya ga an dawo ana wanke hannu. Ya kira Gajere, idonsa a waje.

“Har an gama?”

“An gama mana. Mi za a jira?”

Ya sa Gajere ya kwatanta masa yadda ake yi. Gajere ya zana masa a ƙasa: rami daga kudu zuwa arewa, a cikinsa wani ƙaramin rami matsattse daidai mutum a kan gefensa, a jera itace a kai, a rufe da ƙasa. Yahaya ya daɗe yana duban zanen kamar an nuna masa zoben da ya karkace.

“Ni ba haka ba,” ya ce. “Ni a rigingine. Kai yamma, ƙafa gabas. Haka aka sa matata, haka aka sa ƴata. Daga gabas Almasihu zai zo. In ya kira, in tashi zaune, in gan shi gabana. In kun sa ni yadda kuka saba, in tashi ina dube-dube kamar baƙo a kasuwa.”

“To, za a yi maka yadda kake so.”

“Ba za a yi ba. Kuna da sauri. Hannunku ya saba. Kafin ka tuna, an rufe.” Ya yi tari mai tsawo, ya kama hannun Gajere. “Ka haƙa yanzu. In gani da idona.”

 Ba a haƙa wa mai rai kabari. Ba wanda ya taɓa zama ya hana, don ba wanda ya taɓa tunanin yi. Kabari in ya buɗe baki, sai ya ci mutum, in bai sami mai shi ba ya ɗauki na kusa. Haka kowa ya tashi ya ji. Amma hannun da ke riƙe da na Gajere ya zama ƙashi da fata, kuma hannun nan ne ya sha riƙe masa igiya. Ya ce, “Na ɗauki alkawari.” Yahaya ya ce ya sake faɗa. Ya sake.

Washegari ya ɗauki dagi ya fita yamma da gari, bayan gonakin gero, inda ba kowa sai ƙaya da gara. Zancen maƙabarta bai taso ba, ya san Ɗanmalam ba zai yarda a shimfiɗa mutum a gicciye a tsakiyar Musulmi ba. Kafin rana ta take, rabin garin na tsaye a kansa.

“Gajere, mi kake haƙa?” in ji Ɗanmalam.

“Rijiya, Allah gafarta Malam.”

“Rijiya mai kusurwa huɗu?”

“Sabon yayi ne. Na Faransa.”

“Kuma tsawonta daidai tsawon baƙonka.”

“Haka ta zo.”

Ɗanmalam mutum ne mai sanyin hali, bai iya faɗa ba, sai dai ya tsaya wa mutum a kai har ya gaji. Ya tsaya. Gajere ya ci gaba da haƙa. Da la'asar liman ya ce Allah ya kyauta, ya tafi, jama'a suka bi shi. Daga ranar mata suka daina bi ta wajen in za su itace, masu tsofaffi a gida kuma suka rage gaisawa da Gajere. Hajjo ta yi kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba magana, a rana ta uku ta yi maganar gaba ɗaya.

“Malam, mutum na numfashi a zaurenka, shina shan kununa, kai kana can kana gyara mishi rami? In mutuwa ta manta da shi, sai ka tuna mata?”

“Shi ya ce.”

“In ya ce ka jefa shi rijiya fa?”

Gajere ya ce bai ce ba tukuna.

Da aka gama, ya ɗora Yahaya a jaki ya kai shi da sassafe. Yahaya ya zaro zarensa daga aljihu, ya auna bango huɗu, ya ce na arewa ya shigo ciki da yatsa biyu. Gajere ya hadiye abin da ya zo masa baki, ya sauka ya gyara. Sannan Yahaya ya ce a saukar da shi. Ya kwanta a rigingine, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya rufe ido. Gajere na tsaye a sama yana duban mutum mai rai a cikin kabari, yana karanta duk abin da ya sani. Can Yahaya ya yunƙura ya tashi zaune. Rana na fitowa daidai tsakanin ƙafafunsa.

“Ya yi,” ya ce. “Jawo ni.”

Abin haushi, daga ranar sai ya fara samun sauƙi. Kumburin ya saɓe, ya nemi ƙarin tuwo, har ya taka da sanda ya je ya duba rijiyarsa ya yi wa masu guga faɗa a kan suna ƙwarzane baki. Garin ya shiga wani sabon tsoro: ga kabari a buɗe, mai shi kuma ya fasa. Duk wanda ya yi atishawa sai a dubi yamma. Aka aiko wa Gajere ya cike ramin, ya ce ba nasa ba ne, a tambayi mai shi. Mai shi ya ce a bar masa kayansa.

Ganin sauƙin ne ya sa, da aka zo daga Ollelewa neman Gajere ya yashe musu wata rijiya da ta cushe, ya yarda. Aikin kwana biyu ne. Ya tambayi Yahaya, Yahaya ya ce ya tafi, shi ba inda za shi.

Ran da ya dawo, da hantsi, tun daga bakin gari ya ga ana sunkuyar da kai in an gaishe shi. A ƙofar gidansa ya ga tabarmi, dattawa na zaune. Bai tsaya ba. Ya jefar da igiyarsa ya nufi yamma da sauri, ya ratsa gonaki, ya isa ramin. Ramin na nan yadda ya bar shi, bango huɗu a miƙe, ba kowa a ciki sai wani ƙadangare.

Ya dawo ya tsaya a kan dattawan, ko sallama babu.

“Ina kuka kai shi?”

Ɗanmalam ya ce ya zauna. Gajere ya ce ba zai zauna ba. Liman ya ce jiya ne bayan azahar, tari ɗaya ya sarƙe shi, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa.

“Na ce ina kuka kai shi?”

“Inda ake kai mutane,” in ji Hajjo daga bayan zana. Muryarta ta dishe. “Ni na ce. Mutum ya sha furata rani biyu, ya ba garin nan ruwa, sannan a ja shi bayan gari a yar cikin ƙaya shi kaɗai kamar mushen jaki? Dila shi tone shi? Ba a gidana ba. Zanen da na ajiye ma kaina shi aka sa mishi.”

Gajere ya juya kan liman. “Kai kuma Malam ka yarda? Kai da ka san ba addininmu ɗaya ba?”

Ɗanmalam ya shafa gemu. “Ina wajen kanshi sa'ad da abin ya zo. Na ji ya ce Allah.”

“Sai mi ya ce bayan nan?”

“Ban tsaya nema ba.”

Wani dattijo ya ce garin kaf ya fita, har Fulanin da suka zo shayarwa sun bar shanu sun bi. Wani ya ce tun da yake bai ga sahu irin na jiya ba. Suna faɗa suna dubansa, suna jiran ya ji daɗi. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: ba wanda ya yi don mugunta. Mafi kyawun abin da suke da shi suka ɗauka suka ba baƙo, suka yi masa da sauri yadda ake yi wa wanda ake so. Da ƙeta ce da ya san wanda zai shaƙe. Ya ce, “Na ɗaukar mishi alkawari.”

Ya shiga gida ya ɗauko dagi. Dattawa suka miƙe tsaye. Ɗanmalam ya ce, “Gajere, ba a tone mamaci.” Gajere ya wuce. Suka bi shi daga nesa har maƙabarta, suka tsaya a bakin shinge, don ba mai ƙarfin riƙe shi a cikinsu, kuma kowa ya san haka.

Sabon kabarin na can gefen gabas, an yayyafa ruwa, an ɗora ƙaya. Gajere ya tsaya a kansa da dagi a hannu. Ya san aikin, kafin azahar zai gama: ya kwashe ƙasa, ya ɗaga itace, ya ɗauki mutumin a kafaɗa ya ratsa gari da shi a gaban Hajjo da kowa, ya kai shi cikin ƙaya ya shimfiɗa shi kaɗai. Alkawarin ke nan. Ya ɗaga dagin, hannunsa ya ƙi sauka. Ya tsaya haka har kafaɗarsa ta fara ciwo.

Da yake mahaƙi ne, ko a cikin baƙin ciki idonsa bai daina auna rami ba. Ya dubi inda kai yake, kudu. Ya dubi ƙafa, arewa. Mutum a kan gefen dama. Ya karkata kansa yadda na kwance zai yi, ya bi da ido inda fuskar ta nufa, ya ga ƙarshen shinge, da fili, da inda rana ke fitowa. Shekara hamsin yana binne mutane suna duban alƙibla, bai taɓa lura da cewa ta nan gari ke wayewa ba.

Ya ajiye dagin a hankali. Ya durƙusa wajen kai, ya kusanto da bakinsa ga ƙasa, ya yi gyaran murya.

“Yahaya. Ni ne. An yi kuskure, ba na nan. Ba inda ka auna kake ba, kana cikin mutane. Ka saurara in gaya maka yadda kake, kada ka rikice.”

Na bakin shinge suka matso kaɗan.

“Kana kan gefenka na dama. Fuskarka na gabas, daidai, na duba, ko da zarenka ba ka samun yatsa ɗaya. In an yi kiran, kada ka yunƙura ka tashi zaune yadda ka gwada, akwai itace bisa kanka, ka buge goshi. Buɗe ido kawai. Duk wanda ya taho ta nan, kai za ka riga kowa ganinshi. In yadda ka ce ne, to. In yadda na ce ne, ka ga sai mu ƙarasa maganar can.”

 Hawaye na zuba a gemunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. Ya dubi tsohon kabarin da ke manne da sabon ta yamma, wanda ya kusa bajewa.

“Sai abu ɗaya. Ta bayanka innata ce, Balki. Shekara tara tana nan. Ba ta ji sosai, ko kiran salla sai an taɓa ta. In ka ji an kira, kafin ka tafi neman matarka da ɗiyarka, ka miƙa hannu baya ka taɓa ta a kafaɗa. Za ta yi maka faɗa, haka take. Ka ce ni na ce.”